Fari Tas

"Mama, don Allah ki ajiye wuƙar nan, ki bar akuyar ta sha iska!"

"Ke tafi can! Alkawari na yi wa Budurwa Maryamu: in hoton nononki na asibiti ya fito lafiya, unguwa za ta ci nama. Ga shi kuwa fari tas, ko ɗigo babu."

Har ta aiki maƙwabta su kawo ayaba da kujeru.

Sau uku ina maimaita mata abin da likita ya ce. Naman nonona mai kauri ne, shi ya sa hoton ya yi fari. Ƙullutun ciwon daji ma fari yake fitowa, kamar ƙwayar shinkafa a buhun gishiri. Masu irin jikina sun ɗan fi shiga haɗari, sai an sake dubawa da wata na'ura.

"Likitocin zamani! Baƙi ciwo, fari ma ciwo? To wane launi suke so?"

"Mama, kina sa ni hauka! Ya ce ma abin yakan bi jini."

"Yauwa, ashe kin gaji lafiya! Nawa sun fi naki fari. Shi ya sa ban taɓa wahalar mayar da hotunan wurin likita ba."

Ta nuna tagar ɗakin addu'arta da bakin wuƙa.

Hotunanta na shekara da shekaru ne jere a jikin gilashi, kyandir na ci a ƙarƙashinsu. Rana ta daki tagar, kowanne ya fito fari tas, ba a iya rarrabe komai a ciki.

Na kwance akuyar, na ce, "Ɗauko takalminki, asibiti za mu."