Fuskar da Ta Bi Gilashi

Tunda ka ce gobe za ka sauya kayan aikinka gaba ɗaya, ba zan hana ka ba, amma ka fara jin misalin wani mai hoto da ke da shago a bakin tashar mota. Mutumin ya daɗe a sana'ar, tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu har aka zo zamanin kwamfuta. Yana da wata tsohuwar manhajar gyaran hoto da ta saba da injin buga hotunansa kamar tsofaffin ma'aurata. Abin da ya gani a fuskar kwamfuta, shi takarda take fito masa da shi: baƙin mutum ya fito baƙi, wankan tarwaɗa ya fito wankan tarwaɗa. Sai matasa suka buɗe shaguna a gefensa da sababbin kaya, jama'a suka koma can don an ce hotonsu yana ƙara wa mutum haske. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ɗauki kwamfutarsa ya kai aka goge tsohuwar manhajar aka zuba masa sabuwa, ya dawo ya zauna yana kallon yadda launi ke sheƙi, bakinsa har kunne. Ko hoto ɗaya bai buga na gwaji ba, don a ganinsa mai furfura a sana'a ya wuce gwaji.

A ranar wata tsohuwa ta shigo da hoto naɗe a bakin zanenta. Hoton ɗanta ne, direban babbar mota da ya rasu a hatsari ya bar matarsa da ciki. Yarinyar da aka haifa a bayansa ita ce yanzu za a kai ɗakin miji, kakar tana so a faɗaɗa hoton a rataya mata a bango ranar jere, ta riƙa ganin uban da ba ta taɓa gani ba. Duk duniya ba shi da wani hoton sai wannan, ga shi danshin damuna ya manne shi da gilashin firem ɗinsa, gilashin kuma ya tsage. Mai hoto ya ce ta kwantar da hankalinta, ta dawo jibi. Ya ɗauki kwafin hoton ta bayan gilashin ya sa a kwamfuta. Sabuwar manhajar ba ta jira an tambaye ta ba, ta wanke fuskar direba, ta goge duhunta, ta ƙara mata haske. Mai hoto ya ga abin ya yi kyau, ya adana gyararren a kan na farkon, na farkon ya tafi. Daga nan karambani ya ɗebe shi, ya ce bari ya yi wa tsohuwa alheri, ya cire mata ainihin hoton daga fasasshen gilashi ya sa a sabon firem. Babu wanda ya sa shi. Ya zura reza a hankali, takarda ta ɗago, fuskar ta zauna a jikin gilashi a yayyage. Ya lallashi kansa da cewa ai yana da shi a kwamfuta.

Da ya buga, sai ga mutum jajawur kamar mai zazzaɓi, shuɗiyar hularsa ta koma ruwan goro. Ya dubi kwamfuta, kyakkyawan saurayi; ya dubi takarda, wani baƙo. Ya rage ja, mutumin ya fito toka-toka kamar gawa. Sabuwar manhajar da tsohon injin ba sa jin yaren juna, shi kuma ya rasa inda zai taɓa ya sasanta su. Tsohuwa ta zo, ta kai hoton kusa da idonta, ta ajiye, ta ce ɗanta baƙi ne, baƙi mai kyau, wannan ba ta san shi ba. Ta nemi nata hoton, dole ya nuna mata abin da ya saura. Ba ta zage shi ba, shi ma da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Ya roƙe ta ta zauna kusa da shi ta riƙa kwatanta masa, tunda yanzu launin ɗanta babu shi a ko'ina sai a cikin kanta. Haka ta yi ta zuwa da sandarta. Ta ce a ƙara duhu, a ƙara. Ta ce ya yi yawa, a rage. Wani lokaci ta ga kamar shi a fuskar kwamfuta har ta yi ƙwalla, a buga, takarda ta fito da wani daban. Fuskoki suka taru a kan tebur, kowace da nata launin, ranar jere ta zo ta wuce. Zuwanta na ƙarshe, ya miƙa mata sabon bugu, ta ƙi karɓa. Ta ce, "Bar shi haka, Malam. Da can in na rufe ido ina ganin ɗana. Yanzu in na rufe, waɗannan naka nake gani."

Ta fita, ya bi ta da kallo cikin baƙin ciki. Irin wannan ne Bahaushe ya gani ya ce, garin neman gira aka rasa ido.