Ceton Almu

Almu ya danna manet, madannin wasan bidiyo, wutar bindigarsa ta watsa halittu uku a cikin wani kumbon sama jannati. Allon tsohuwar ordinatar, wato kwamfutarsa, ya yi ja. Ya sake faɗuwa.

"Wanga wasa zalunci ne!" in ji shi. "Tun ina makarantar lise nake share kowa a cikinsa, ba su taɓa ba ni nasara ba."

Duk fadarsu ta shayi a Dakoro ta san kurinsa na harbi. Ɗazu ma ya tura musu bidiyon wasan a guruf ɗinsu na waya, yana zagin maƙeransa.

Ƙanwarsa Surayya, wadda ta yi karatu a Katsina, ta leƙo ta karanta Ingilishin da Almu, ɗan makarantar Faransanci, ke tsallakewa kullum.

"Yaya, masu fararen kayan nan da ke rugowa hannu sama, don mi kake harbinsu?"

"Su ne mugayen! Ni suke nufowa suna ihu."

"Su aka aiko ka ka ceto. Cewa suke: mun tsira, taimako ya zo!"

Almu ya lallaɓa zai goge bidiyon. Ashe Mainassara, ɗan fadarsu mai fatauci zuwa Kano, ya riga ya fassara wa kowa Ingilishin da ke cikinsa. Har an sauya wa guruf suna: Allah Ya Raba Mu da Ceton Almu.