Madanni Na Biyar

Ranar Litinin Madina ta mayar da madannin saye launin ruwan lemo. A da kore ne, shafin kantin ma kore, sai ya ɓace a ciki kamar fara a ciyawa.

Kantin na intanet ne, kayan kuwa na mahaifiyarta ne, Hajiya Tabawa: acca, riɗi da zuma. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone da shagonta a ciki, Hajiya take sayarwa a kan tebur a bakin titi, shekara ashirin da ɗoriya, a rana da ruwan sama. Burin Madina ta raba ta da titin nan. Ta haɗa shafin a makon da wayarta take wurin mai gyara, tana ta aron na mutanen gida. Tsarinsa mai sauƙi ne: mai saye ya rubuta sunansa da unguwarsa da mudu nawa yake so, ya danna, saƙo ya tafi ga mai kanti. Ta gwada sau ɗaya ranar buɗewa, saƙon ya shigo wayar da ke hannunta, ta yi hamdala.

Daga ranar sai shiru. Shafin yana nuna mata yawan masu leƙowa, kullum suna ƙaruwa, amma ko saƙo ɗaya bai zo mata ba.

Hajiya ta yanke wa'adi. "Wata ɗaya na ba ki. In ba a sayi ko mudu ɗaya ba, Jabir maƙwabcinmu yana son kwamfutar nan. Mu sayar masa, mu yi babban tebur da laima, ki zo ki zauna kusa da ni."

Madina ta ce ta yarda.

Kwana uku da sauya launi, Hajiya ta dawo gida kafin la'asar da buhu wayam. Ta ce Allah ya yi wa Dina albarka. Dina ƙawarta ce, ita ke kawo mata acca daga ƙauye, kuma Hajiya ta tabbata ita ce ta raba lambarta a cocinsu, shi ya sa baƙi suke nemanta.

"Kin ga kasuwa ta gaskiya," in ji ta. "Baki da baki."

Madina ta koma kan aikinta. Ta lura madannin ya yi ƙanƙanta, mai ƙaton yatsa sai ya kuskure shi. Ta kama babban yatsan Hajiya ta auna a kan gilashin waya, Hajiya tana dariya tana cewa ko ɗinki za a yi wa yatsan. Ta faɗaɗa madannin, ta ɗago shi sama kusa da hoton acca, inda ido ke fara sauka. Wannan shi ne na uku.

Wayar Madina ba ta motsa ba. Hajiya kuwa ta fara ɗaukar shatar Keke, tana kai ƙulli-ƙulli tasha, na Bauchi daban, na Abuja daban.

A mako na uku Madina ta bi Hajiya Terminus, ta wuni a gefen tebur da littafi a cinya, tana rubuta abin da masu saye ke faɗi. A shafinta an rubuta "Saya yanzu". A titi kuwa, daga safe har yamma, ba ta ji wanda ya ce haka ba. Kowa ya tsaya, abin da yake cewa shi ne, "Hajiya, auno mini biyu." Da ta koma gida ta goge rubutunta, ta sa "Auno mini".

A makon nan Dina ta kawo acca sau biyu. Hajiya ta tarbe ta da turmin atamfa.

"Maman Madina, ni fa mutum biyu kawai na ba lambar," in ji Dina, tana juya atamfar.

"To, biyun sun haihu. Karɓi kayanki."

Saura kwana shida, Madina ta yi na biyar. Ta cire duk wani madanni da ke gefensa don kada ya raba hankalin mai saye. Ta san mutane suna tsoron 'yan damfara, sai ta rubuta a ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe: "Sai kaya sun iso za a biya." Ta duba shi a ƙaramar waya da babba, ta duba shi a rana da inuwa. Babu abin da ya rage ta gyara, kuma ta san haka.

Kwanakin suka wuce. Hajiya ba ta ma samun zama a tebur, tuwonta sai ya huce tana amsa waya.

Ranar da wata ya cika, Jabir ya aiko cewa zai shigo bayan azahar. Madina ta goge kwamfutar da tsumma, ta naɗe wayar cajin. Kafin ta kashe ta, sai ta ji ba ta son kantin ya mutu ba a taɓa ciniki a cikinsa ba. Ta rubuta sunanta da unguwarsu, Nasarawa Gwom, ta sa mudu ɗaya, ta danna "Auno mini". Ta zuba wa wayarta ido. Wayar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Daga tsakar gida Hajiya ta ɗaga murya, mudu a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"'Yar nan, zo ki ga aikin Dina. Ga wata kuma yanzun nan, takwararki ce ma: Madina, Nasarawa Gwom, mudu ɗaya."