Wasiƙar da Alistair Ya Binne

Ana ɗora akwatin ƙarfen a kan tebur, Alistair ya ƙura masa ido. Shekara talatin ke nan da 'yan ajinsu suka binne shi a harabar sakandarensu ta Yorkshire a Ingila, kowa da wasiƙarsa a ciki. Yau makarantar ta cika shekara ɗari, an tono akwatin, za a karanta wasiƙun a gaban tsofaffin ɗalibai.

Ya san abin da ya rubuta: laifinsa ya tona a wasiƙar. Shi ya watsa wa hoton wanda ya kafa makarantar jan fenti. Aka ga fenti a rigar Imogen, yarinyar da yake mutuwar so, aka kore ta ana saura mako guda jarrabawa. Bai ce uffan ba.

Ga ta a kujerar gabansa, har ta fara furfura. Ta juyo tana dariya. "Kai Alistair, wannan gumi fa? Ko waƙar soyayya ka rubuta mana?"

Ya miƙe tsaye. Gara ta ji daga bakinsa.

"Imogen, ni na ɓata hoton nan. Ina kallo aka kore ki."

Kowa a wurin ya juyo yana kallonsa.

Shugabar makaranta ta ɗaga murfin akwatin, ta daɗe tana leƙawa. "Ruwa ya shiga," in ji ta. "Takardun duk sun narke, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa."

Imogen ba ta ɗauke ido daga kansa ba. "Faɗa min gaskiya, Alistair. Da ka san haka, da ka tashi?"