Soso da Ruwan Sanyi

Ana hutun rabin lokaci na banka ƙofar ɗakin 'yan wasa, jaririyata a ƙirji. Mijina na zaune da goshi a fashe, yana tambayar wa ke kan gaba. Sau uku ana gaya masa.

"'Yar nan, mata ba sa shigowa nan," in ji kocin. "Soso da ruwan sanyi, ya koma fili. Ni da ɗinki bakwai na gama wasa a Glasgow, gaban mutum dubu hamsin."

Na ce, "Yau mutum ɗari biyu ne, Baba, har da mai shayi. Ran Litinin babbar mota mijina zai tuƙa."

Shekara ashirin kocin ya yi yana dukan ƙwallo da ka, goma yana yawon ƙananan ƙungiyoyi da labarin nan guda.

"Tashi, kai... kai..." Yana nuna mijina, kyaftin ɗinsa na shekara uku. Sai ya buɗe tafin hannunsa a sace yana dubawa. Sunayen 'yan wasansa goma sha ɗaya ne, rubuce da biro.

Mijina ya gani. Ya sunkuya ya fara kwance takalminsa.