Sabon Gilashin Gwaggo Tasalla

Tun da aka fara dasa wa mutane gilashi a ƙwayar ido, babu sauran makaho a garin. Ran nan Gwaggo Tasalla ta je cibiyar binciken da ɗan ƙanenta Barau yake aiki, ya sauya mata nata da sabon da suke gwadawa.

"Gwaggo, wannan ya fi tace ƙazanta," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Ta koma unguwa ta tarar da ko'ina fes.

"Sannu da dawowa, Hajiya."

Muryar Malam Tanimu ce, maƙwabcin da ya kai cibiyar ƙara. Ta waiga, sai ta ga bencinsa babu kowa a kai.

Ta amsa a sanyaye, tana tunanin mutum nawa ta wuce a hanya ba tare da ta gan su ba.