Ƙaho Mai Ƙugiya

Verl Hadlock ya ɗaure sirdi na biyu, ya dubi takalman matar da ta ɗauke shi jagoran farauta. Ko ƙura ba su taɓa sha ba.

"'Yar birni, waɗannan kafin tsakar rana sun cinye miki dunduniya," ya ce.

"Su cinye," in ji Maren Askew. "Ni dai Kwazazzabon Tolliver za ka kai ni."

Ya yi ƙoƙarin karkatar da ita. Shekara talatin ke nan yana kai mutane harbin barewa mai kunnen alfadari a tsaunukan Nevada, kuma ya san wurare biyar da suka fi Tolliver nama. Ta kafe. Kowa a garin ya san abin da ya sa Verl ba ya son wurin. Can abokin farautarsa Dace Whitlow ya ɓace shekara goma sha ɗaya da suka wuce, yana bin wani namijin barewa da ya yi shekara uku yana fako. Verl ne ya jagoranci masu nema, kwana tara cikin dusar ƙanƙara, har aka haƙura. Ko hularsa ba a tsinta ba.

Suka hau dawakai. Hanyar siririya ce, iska kuma tana yankan kunne. Maren ba ta da surutu. In ya nuna mata sawu sai ta gyaɗa kai kawai. Bindigarta na rataye a gefen sirdi, tun safe ba ta taɓa ta ba.

Da hantsi suka iso bakin kwazazzabon. Bai gama sauka ba ta nuna ɗaya gefen da yatsa.

"Wancan fa?"

Verl ya ɗora madubin hangen nesa a ido. Namijin barewa ne, ƙato, tsaye a gindin wata bishiya da tsawa ta ƙone. Ƙahon dama lafiya lau, rassa biyar. Na hagu ya tashi daidai, sai reshe ɗaya ya juyo ƙasa, ya bi gefen ido, ya lanƙwashe kamar ƙugiyar mahauta, da ƙananan tsini uku a bayansa.

Ya san wannan ƙahon: sak na namijin da Dace ya bi ne. Namijin barewa yakan zubar da ƙaho duk shekara, ya sake tsiro da mai kama da shi. Amma wanda ya riga ya ƙasaita shekara goma sha ɗaya baya, ba zai kawo yau da rai ba. Ko ɗansa ne, ba zai ɗauko tsini ukun nan cif ba.

Dabbar ta juyo da kai a hankali, ta tsaya tana fuskantarsu. Ba ta kaɗa kunne ba.

"Ka taɓa ganin irinsa, Malam Hadlock?"

"Ban taɓa ba."

"To mu matsa kusa?"

"A'a. Ya yi nisa, iskar ma ba ta ba mu ba. Mu koma, gobe ma rana ce."

Ba ta yi gardama ba, ita da ta yi tuƙin kwana biyu saboda wannan farauta.

A sansani ya haɗa gahawa, ta huce a hannunsa bai kurɓa ba. Maren na zaune kan kututture tana shafa wa dunduniyarta magani. Da rana ta karkata ya ce zai je duba wata maɓuɓɓuga saboda dawakai.

"Kada ka daɗe," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ya tafi a ƙafa, ta bayan tsauni, yana tafe yana waiwaye. Bai nufi inda suka ga dabbar ba. Ya gangara wani lungu mai duhun itatuwa, wanda bai taɓa bi da masu nema ta cikinsa ba a waɗancan kwanaki tara. A ƙarshensa akwai tsohon ramin masu haƙar azurfa, bakinsa toshe da duwatsu, gansakuka ta rufe su.

Ya durƙusa ya shiga janye su ɗaya bayan ɗaya. Farcensa ya tsage bai ji ba. Can yatsunsa suka taɓa wani abu mai santsi, ya jawo. Ƙahon ya fito, ya yi fari, ɓeraye sun gurgure gefensa, amma ƙugiyar na nan da tsininta uku. A ƙarƙashinsa ga hannun wata rigar farauta ruwan lemo da ta koɗe, da abin da ya rage a cikinta.

Verl ya zauna dirshan ya sauke ajiyar zuciya. Suna nan yadda ya bar su, su biyun. Harbi ɗaya ya yi a wannan safiyar, cikin hazo. Harsashin ya ratsa wuyan dabbar, ya sami Dace da ke laɓe a bayanta. Ya daɗe tsaye a kansu, yana tunanin cewa duk wanda ya sauko gari da wannan ƙaho, shi za a tambaya ina Dace.

To me ya gani ɗazu a gindin bishiyar?

Tsakuwa ta gangaro ta bayansa. Ya waiwaya da ƙahon a hannu. Maren ce tsaye a bakin lungun, da 'yan sanda biyu a gefenta, numfashinsu na tururi.

"Ajiye shi, Malam Hadlock," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya muna neman wanda zai nuna mana wurin nan. Barewar da ka gani ɗazu roba ce da ɗan inji a wuya, ƙahon kuwa ni na sassaƙa shi da hannuna, daga hoton ƙarshe da babana Dace ya turo mini."